Ƙyalli Ko Ƙarko: Yadda Fentin Kiliya Ya Mamaye Garejin Masu Fenti

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya a Kano ya ƙare wa motoci kallo zai ga abu guda yana ta maimaituwa: Corolla ko Accord mai lafiyayyen inji, amma rufinta da bonet sun yi dabbare-dabbare, fari-fari, kamar fatar da ƙyasfi ya ci. Launin motar na nan da ransa. Abin da ya mutu shi ne siririn shafi marar launi da ake fesawa a samansa, wanda masu fenti ke kira kiliya. A gefe kuma sai ga tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya riƙa haɗawa, ta koɗe ta dusashe, amma fentinta bai saki ƙarfe ba.

Fenti iri biyu ke nan. Na farko mai hawa ɗaya ne: launi da sheƙi a gwangwani guda suke, ana fesawa an gama. Na biyu mai hawa biyu: a fesa launi, wanda shi kaɗai ba ya sheƙi, sannan a lulluɓe shi da kiliya. A garejinmu an fi sanin su da Autocryl da Autobase, sunayen kayan kamfanin Sikkens na ƙasar Holan, ko da gwangwanin da ke hannun mai fentin na wani kamfani ne. Yau idan mutum ya kai mota fenti bai yi magana ba, mai hawa biyu za a yi masa tayi.

Fiye da rabin tarihin mota da fenti mai hawa ɗaya aka yi shi. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙi kawai yake yi wa Model T, a zamanin da bushewar fenti mai launi kan ci makonni. Fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ya fito a kan motar Oakland ta 1924, shi ya mayar da makonnin nan sa'o'i. Sai a shekarun 1980 kiliya ta bazu a masana'antu, kuma kafin shekarun 1990 su yi nisa yawancin sababbin motoci da ita suke fitowa.

Babban abin da ya jawo haka shi ne son launi mai walƙiya. Fentin silba da ire-irensa yana ɗauke da ɓarɓashin alminiyam, mai kamar lu'ulu'u kuma ɓarɓashin wani dutse mai ƙyalli. Idan aka bar su a fili, iska da ruwa sai su dushe su, in kuma aka goge da folish sai launin ya yi ɓaci-ɓaci, wani wuri duhu wani wuri haske. Kiliya ce ta raba wannan gardama, ga shi tana ɗauke da sinadaran tare hasken rana mai cin launi. Dokokin tsabtace iska a Amurka da Turai sun ƙara tura masana'antu ga launin da ake damawa da ruwa maimakon tina, shi kuwa irin wannan launi dole sai da rufi a kansa.

Mu nan ba doka ce ta kawo mana ba, kasuwa ce. Motocin da ke shigowa ta Legas da Kwatano kusan duk da kiliya suke zuwa, don haka wanda aka goge wa ƙofa dole a yi masa gyara da irin fentin jikin motarsa. Sannan ga dillalai. Motar da ta ci sunan fes bodi, wato wadda ba a taɓa sake mata fenti ba, ta fi kuɗi, kuma ba abin da ke sa tsohuwar mota ta yi kama da wadda ba a taɓa ba kamar sabuwar kiliya tana ɗaukar ido. Mai saye da ido yake ciniki, mai fenti kuwa ya san ranar karɓar mota ake biyansa.

Matsalar ita ce kiliya ba ta yafe ganganci. A masana'anta, duka shafe-shafen da ke jikin mota, daga firaima zuwa sama, kaurinsu kan kai maikiron 100 zuwa 150, kiliyar kuma 40 zuwa 50 ne kawai, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Can ana gasa ta a zafin da ya kai digiri 140. Ɗakin gashi na masu gyara, wanda ake ce wa oben, wajen digiri 60 yake bayarwa na kimanin rabin sa'a. Mafi yawan masu fentinmu kuwa ko wannan ba su da shi. A ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya ake fesawa, ƙurar hunturu na sauka a kan ɗanyen shafi, ruwan da ya taru a tankin kwamfiresa na biyo tiyo. Idan aka rage hadina, wato sinadarin da ke sa kiliyar ta yi tauri, ko aka tsinka da tina don gwangwani ya isa, ko aka bar launin ya kwana biyu kafin a rufe shi, kiliyar ba za ta kama ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kayan fenti, waɗanda galibi daga waje suke, suka yi tashin gwauron zabi, sai kiliya mai araha ta samu shiga, kuma a wajen sinadaran tare rana ake yi mata ƙwauro. Rana irin ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ta daɗewa take tona asirin irin wannan aiki. Sai a ƙara da wankin mota da Omo, da goge ƙura da busasshen tsumma kowace safiya.

Ko manyan kamfanoni sun sha wannan kunyar: a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 motoci da yawa a Amurka sun yi ta saɓule fenti suna da 'yan shekaru kaɗan.

Inda iri biyun suka fi rabuwa shi ne yadda suke tsufa. Mai hawa ɗaya a hankali yake koɗewa. Ja ya koma ruwan hoda, fari ya riƙa barin alli a tafin hannu. Amma da yake launi ne tun daga sama har ƙasa, a goge shi da folish sai sabon jiki ya fito, kuma ƙaramin ƙarce ana iya cike shi a wurin. Kiliya ta fi shi daɗewa tana sheƙi idan mai kyau ce, sai dai ranar da ta fara ɓarewa babu folish ɗin da zai maido ta. Sai an bi da samfefa an sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Mai son sanin wanne ke jikin motarsa ya ɗiga folish a farin ƙyalle ya murza wani lungu: in launi ya biyo ƙyallen, mai hawa ɗaya ne.

Saboda haka ra'ayin da ya zama ruwan dare, cewa mai hawa ɗaya fentin talaka ne, bai tsaya da ƙafafunsa ba. Ga mota mai launin silba ko wani mai walƙiya babu zaɓi, kiliya ce, kuma ya kamata mai motar ya ga gwangwanin da idonsa, ya nemi mai oben. Amma farar Hiace ta haya, ko Hilux mai shiga ƙauye, ko A Daidaita Sahu mai ruwan ɗorawa, wadda ke wuni a rana ta kwana a waje ana gogarta a tasha, fenti mai hawa ɗaya na kirki da aka haɗa da hadina daidai ya fi mata amfani nesa ba kusa ba. Kuɗinsa ya fi sauƙi, aikinsa ya fi gajarta, kuma shafi ɗaya ne ƙura za ta samu ta ɓata.

Akwai kuma wanda ba a sa shi cikin lissafi, wato yaron gareji mai riƙe da bindigar fesawa. Hadinar da ake zuba wa kiliya, da wadda ake zuba wa mai hawa ɗaya na zamani, duk suna ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke haddasa asma. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe da sanya masu fesa fentin mota cikin waɗanda suka fi kamuwa da ita ta dalilin sana'a. Wanda ƙirjinsa ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai numfashi ya sarƙe, kuma da yawa dole su bar aikin. A garejinmu hankici ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin takarda na ƙura, alhali ba ɗayansu da ke tare wannan tururi. Abin da hukumar ta wajabta wa masu fesawa a can shi ne takunkumin da ake turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo, tare da rufaffen ɗaki mai zuƙe hazon fentin zuwa waje.