Azumin Matan Hindu Domin Mazajensu, Da Yadda Wata Ke Makara Musu A Kano

Malamai da attajirai masu karanta wannan fili sun saba da mas'alar ganin wata, gama da wuya shekara ta wuce ba a yi muhawara a kanta a zaurukan Kano ba. To, ga labarin waɗansu baƙi da ke zaune cikin garin nan, waɗanda su ma suna da wani azumi da ke rataye ga ganin wata. Amma su ba jinjiri suke nema ba, babban wata ne da ya soma raguwa, mai makarar fitowa. Matan aure ne na Indiyawa mabiya addinin Hindu. Azumin kuwa yini ɗaya ne tak a shekara, mace tana yinsa domin neman tsawon rai da lafiya ga mijinta.

Mutumin Zawaciki ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne Ba'indiye. Garin yana kan hanyar Panshekara, masana'antun Sharaɗa ta nan, na Calawa ta can, ga kuma tashar kaya ta tsandauri ta Dala wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairu na 1444 Hijira, watau 2023. A cikin waɗannan masana'antu, da kuma na Bompai wanda ya girme su duka, ana yin kayan roba da buhuna da tabarmi, ana jima, ana casar shinkafa, ana tatsar mai. Masu su akwai 'yan ƙasa, akwai Kwarori, akwai mutanen Sin, akwai Indiyawa. Ko inda ba nasu ba ne ma, sau da yawa a iske injiniya ko akawun kuɗi Ba'indiye ne. Zuwansu ƙasar nan ba yau ba ne. Na fari 'yan kasuwar Sindu ne, wannan Sindun da ake ambata tare da Hindu cikin littattafan tarihi, kuma kamfanin Chellarams nasu ya kafu a Nijeriya tun 1923. Daga baya malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan reluwe suka biyo. Sa'ad da Firayim Minista Narendra Modi ya zo Abuja a Nuwamba 2024, an ƙiyasta yawansu a ƙasar nan wajen 60,000.

Sai dai kada mai karatu ya haɗa su duka a ƙwarya ɗaya. Ba kowane Ba'indiye ne Bahindu ba, gama ƙidayar 2011 ta sami Musulmi miliyan 172 a ƙasar. Cikin Hindun ma, wannan azumi asalinsa na mutanen Arewa ne, watau Panjab da Hariyana da Rajastan da Uttar Pradesh da birnin Delhi. Mutanen Kudu ba su gaje shi ba. Matan Sindu kuwa suna da nasu mai kama da shi, ana ce masa Tijri, yana zuwa da damina wajen watan Agusta.

Sunansa Karwa Cauth. Kada kunne ya ruɗi Bahaushe ya kai shi ga wata kalma maras daɗi ta Hausa, babu abin da ya gama su. Karwa wani ɗan tulu ne na yumɓu mai baki, kamar shantali. Cauth kuwa ma'anarsa na huɗu, domin ana yinsa ran huɗu ga watansu na Kartik. A nan akwai fa'ida ga ma'abuta hisabi. A lissafin Arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne ranar da ya cika, sabon wata ya soma da raguwa. Saboda haka huɗu ga watansu yakan dace da 17 ko 18 ga watan Musulunci, kwana biyu ko uku bayan ayyamul bidi.

Da yake watan sama suke bi, ranar takan ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara a lissafin Bature, kamar yadda Ramalan ke yi. An yi shi ran Laraba 1 ga Nuwamba 2023, da Lahadi 20 ga Oktoba 2024, da Jumma'a 10 ga Oktoba 2025, dukkansu cikin Rabi'u Lahir. Amma ba ya kewaye shekara kamar Ramalan, domin kowace shekara uku ko kusa da haka suna ƙara wata guda cikin shekararsu, su mai da bukukuwa ga lokutansu. Shi ya sa na 2022 ya faɗo cikin Rabi'u Lawwal, ran 13 ga Oktoba, aka yi ƙarin wata da daminar 2023, ya tsallaka zuwa Rabi'u Lahir. Malamai sun san Larabawan jahiliyya ma sun yi ta taɓa jerin watanni, abin da ake kira nasi'u, har Suratu Tauba ta soke shi. Su Hindu ba su bar ƙarin ba, don haka azuminsu bai fita daga tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba.

Ga yadda yinin ke gudana. Tun daren jajibiri mata suke ƙunshi, lalle har gwiwar hannu, kamar na amare. Da asuba, kafin hudowar rana, mace ta tashi ta ci wani abinci da ake kira sargi, mai kama da sahur: siririyar taliya da madara, da 'ya'yan itace, da kayan zaƙi. Abin lura, ba ita ke tanadar wa kanta ba, haƙƙin uwar miji ne ta shirya ta ba sarakuwarta. Ita kuma da yamma za ta rama da wata kyauta ga uwar mijin, ta durƙusa ta taɓa ƙafarta don neman albarka. Daga hudowar rana ba ci ba sha, ko ɗigon ruwa. Can bayan la'asar sai matan su sa tufafin biki, galibi ja, su taru a gida ɗaya, su zauna a kewaye, kowace da farantinta ɗauke da fitilar mai da ɗan tulun nan, suna miƙa wa juna farantan suna waƙa, suna roƙon abar bautarsu Parwati, wadda suke ɗauka ita ce abin koyi ga matar aure. Wata dattijuwa ta karanta musu hikayar ranar.

Hikayar kuwa ta ganin watan ƙarya ce. Sun ce an yi wata sarauniya, Wirawati, ita kaɗai ce mace cikin 'yan'uwa maza bakwai. Azuminta na fari bayan aure ya same ta a gidan iyayenta. Rana ta faɗi, wata bai fito ba, ƙishirwa ta galabaita ta. Tausayi ya kama yayyenta, sai suka rataya madubi a kan itace, a wata ruwayar kuma suka ce wuta aka kunna bayan rariya, suka ce mata ga wata can ya fito. Ta duba, ta gaskata, ta sha ruwa. Ba ta gama cin abinci ba sai ga manzo da labarin mutuwar mijinta. Ta yi ta kuka, har abar bautarsu ta bayyana gare ta, ta faɗa mata an yaudare ta, ta umurce ta da sake azumin bisa ƙa'ida. Ta sake, aka mayar mata da mijin. Wannan tatsuniyarsu ce. A fiƙihun Malikiyya wanda ya sha ruwa bisa zaton rana ta faɗi, alhali ba ta faɗi ba, ramuwar yini ɗaya ce a kansa, ba a ce matarsa za ta mutu ba. Amma hikayar ita ce ke bayyana abin da ya sa matan ba su yarda da a ce an gani. Kowace sai ta gani da idonta.

In wata ya fito, mace ta ɗauki rariya irin ta tankaɗe, ta dube shi ta cikinta, ta zuba masa ruwa daga ɗan tulun, sa'an nan ta juyo da rariyar ta dubi fuskar mijinta. Shi kuma ya ba ta ruwa a baki da lomar fari. Azumi ya ƙare ke nan.

To, a nan ne zaman Kano ya shigo da mas'alar da kakanninsu ba su sani ba, wadda malamai ke kira saɓanin mafitar wata. Tsakanin Delhi da Kano akwai daraja 68 da ɗoriya ta gabas da yamma, kowace daraja minti 4, agogon Indiya kuma yana gaba da na Nijeriya da sa'a 4 da rabi. A 2025 wata ya fito a Delhi ƙarfe 8 na dare da 'yan mintoci. A wannan sa'a ana sallame la'asar ne a masallatan Zawaciki, rana tana nan da sauranta. A Kano bai ɓullo ba sai wajen ƙarfe 9 na dare, bayan lisha, fiye da sa'a 5 bayan Delhi. Ba nisan yamma kaɗai ya jawo haka ba. A wannan lokaci na shekara watan yana karkata arewa ƙwarai, don haka garuruwan da suka fi nisa arewa su ke riga ganinsa, Kano kuwa ta fi Delhi kusa da tsakiyar duniya. Alhasili, matar da ke Bompai azuminta ya fi na ƙanwarta da ke Delhi tsawo da kusan sa'a guda, kuma ya fi na Musulmin da ya yi nafila a Kano ran nan da kusan sa'a 3 in an ƙirga daga asuba.

A duba halin da take ciki. Tun la'asar hotuna ke shigowa wayarta daga gida, uwar miji ta sha ruwa, 'yan'uwa sun zauna cin abinci, ita kuwa da sauran magariba da lisha a gabanta. Ga shi lokacin agazari ne, ruwa ya ɗauke, sanyi bai sauko ba, zafi yana hana mai ƙoshi ma sakat. Abin da aka saba a wurinsu shi ne kowace ta bi watan garin da take, ganin Delhi ba ya isar wa Kano. Mas'alar da malamai suka cika takardu a kanta, ga matan Hindu sun yanke ta da rariya.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi shafar masana'antu. Da yawa daga ma'aikatan Indiyawa sukan zo su kaɗai, iyali na gida. Matar tana Panjab, mijin yana Calawa cikin ƙarar inji. Watanta ya fito, amma fuskar da za ta duba tana wata nahiya. A da sai ta dubi hotonsa. Yanzu kuwa ta kira shi ta wayar da ke nuna fuska, ta ɗora rariya a kan gilashin wayar. Leburan da ya ga injiniyansa ya bar aiki da la'asar sakaliya ya koma gefe yana murmushi ga waya, wataƙila abin ke nan.

Mutanen Kano da yawa sun riga sun ga rariyar nan ba su san ma'anarta ba, domin finafinan Indiya sun daɗe da zama 'yan gida a garin, yanzu har da fassarar Hausa. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 saurayi ya taya budurwa azumin a ɓoye. A Baghban na 2003 tsoho da tsohuwarsa, da 'ya'yansu suka raba musu mazauni, ta wayar tarho suka buɗe baki. Finafinan sun yi wa azumin abin da malaman addininsu ba su yi ba: sun kai shi jihohin da ba a san shi ba, sun mai da shi alamar soyayya, har 'yan mata marasa aure suna yi. Masu sayar da gwal da tufafi da masu lalle suka sami kasuwa. Gardama kuma ta tashi a Indiya kanta. Waɗansu mata masu ilmin zamani suna cewa, don me mace za ta yini da ƙishirwa domin ran miji, babu ranar da miji zai yini domin nata? Waɗansu suka bar shi ɗungum. Waɗansu mazan kuwa suka amsa da taya matansu, a yi tare a sha ruwa tare. Likitocinsu kuma kowace shekara suna jan kunnen masu ciki da masu shayarwa da masu ciwon sukari, rangwame kuwa yakan danganta ga al'adar kowane gida da sauƙin uwar miji.

Ga Musulmi hukuncin a fili yake. Azumi ibada ce, ba a yinta sai domin Allah. Ajali rubutacce ne, ba yinin ƙishirwa da zai ƙara masa sa'a, wata kuwa halitta ce da aka sanya don sanin lokuta, ba a zuba masa ruwa. Yarinyar da ta ga abin a fim ya ba ta sha'awa, a sanar da ita da lalama cewa ƙofar addu'a ga miji a buɗe take dare da rana. Har ma shari'a ta juyo da al'amarin ta wata fuska, da ta hana mace azumin nafila ba da iznin mijinta ba in yana gida yana bukatarta. Amma wannan bai ba kowa damar izgili ba. Kuku da direba da maigadi da ke cin abinci a gidajen nan, da dillalin da ke ɗaukar kaya a masana'antarsu, haƙƙin maƙwabtaka da na ciniki yana kansu. Kukun da ya san ranar ba zai dame uwargida da zancen abincin rana ba, ya san aikinsa na dare ne. Attajirin da ke da lissafi da manaja ya gama da shi da hantsi, don da yamma hankalin manajan yana gida.

Shekarar 2026 mai ƙarin wata ce a wurinsu, saboda haka azumin ya tsallaka zuwa Jimada Lawwal, ran Alhamis 29 ga Oktoba. Ƙarshen Oktoba kuwa a Kano bakin hunturu ne. In hazo ya riga ya sauko, wata yakan hau sama da nisa kafin ya huda ƙura a gan shi, jajir kamar garwashi, kuma matan Bompai za su tsaya a kan bene da rariya a hannu har sai ya bayyana.