Gumi ba ya wanke gishirin miya

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin ma'aikata a Yamai, Maradi da Damagaram: wai wanda ke buga balo ran Lahadi, ko yana tuƙa keke zuwa biro, ba ruwanshi da tansiyo, komi yawan gishirin da ya ci, tun da gumi yana fitar da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. A duniya, abin da ake ci ya ninka wannan sau biyu. Kuma ba gishirin da ake barbaɗawa kaɗai ake lissafi ba. Dunƙulen Maggi kusan rabinshi gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka, wadda ita ma tana ɗauke da sinadarin nan, sodiyom.

In gishiri ya yi yawa, yakan riƙe ruwa cikin jini. Jini ya ƙaru, ya matsa wa jijiyoyi, zuciya ta shiga aikin wahala. Ƙoda ce ke fitar da mafi yawan gishiri ta fitsari. Gumi yana tafiya da wani abu, amma jikin da ya saba da zafi, kamar na mutanen Tawa ko Agadas, yakan koyi tsimin gishiri, sai guminshi ya rage ɗanɗano.

Duk da haka motsa jiki ba aikin banza ba ne. A shekarar 2012 an bayyana wani bincike da aka yi a ƙauyukan arewacin ƙasar Sin, bisa mutum kamar 1.900. An ba su abinci mai giram 3 na gishiri kwana 7, sa'an nan mai giram 18 kwana 7. Jinin masu aikin ƙarfi da na masu zama duka ya hau, sai dai na masu aikin ƙarfi bai kai na masu zama ba. Ashe motsi yana rage cutar gishiri, amma ba ya kashe ta.

Nan ne ma'aikacin biro yake ruɗin kanshi. Manomin da ya wuni riƙe da hauya daban, mai balo na awa guda a sati daban. OMS tana son a samu aƙalla minti 150 na tafiya da sauri kowane sati, kuma a rage gishiri tare da haka.

Tansiyo ba ta cika yin sallama ba. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce labarinta na farko. Awo a likita bai wuce minti 5 ba. Wanda aka auna har sau biyu, a ranaku daban, aka tarar da 14/9 ko fiye, ya kamata ya ga lokotoro, ya kuma zauna da uwargida a kan zancen tukunya.