KIƊAN LANTARKI NA NIJAR: FAIFAN DA YA ƁACE SHEKARA 35

Bahaushe ya ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, yau mun zo wa masu karatu da labarin wani kiɗa wanda ba a yi masa rawa, ba a ɗora masa waƙa, ba a kuwa ambaci sunan kowa a cikinsa don ya yi kyauta. Mun san wani zai ce, to, mene ne amfaninsa? Gama a wurinmu kiɗa bawan magana ne. Marigayi Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, nan kusa da Kankiya, wanda ya rasu cikin 1999, ba domin kalangu kaɗai a ke taruwa a kansa ba, sai domin abin da zai faɗa. Ko inda babu mawaƙi, ganga da kanta magana ta ke yi: ko wane basarake da takensa, manoma da nasu, mahauta da nasu. Saboda haka tambayar ba ta banza ba ce, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa.

MAI KIƊAN DA AKWATINSA

Sunan faifan da Faransanci La Musique Électronique du Niger, watau Kiɗan Lantarki na Nijar. Wanda ya yi shi kuwa Malam Mamman Sani Abdullahi ne na birnin Yamai. Ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Ma'aikacin ofis ne kamar yawancin masu karanta wannan shafi, ya yi aiki da hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda a ke kira UNESCO. Cikin 1974, a wurin wani taro na wannan hukuma, ya ga wani wakili daga ƙasar Ruwanda da wani akwatin kiɗa mai aiki da lantarki, ƙirar ƙasar Italiya, mai suna Orla. Irin abin nan ne da samarinmu ke kira fiyano, mai jerin haƙora farare da baƙaƙe waɗanda a ke dannawa da yatsu. Amonsa ya shiga ransa, bai bar mutumin nan ba sai da ya sayar masa.

Da ya kawo shi gida, sai ya riƙa zama da shi bayan tashi daga aiki. Waɗansu kiɗe-kiɗen shi ya ƙaga su, waɗansu kuwa ya ɗebo su daga waƙoƙin gargajiya na mutanen ƙasarsa, har da na Fulanin daji da na Buzaye, ya tuɓe musu magana ya bar karin kaɗai. Cikin 1978, zamanin mulkin Seyni Kunce, ya shiga ɗakin ɗaukar magana na gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Dabarar da aka yi ita ce ya kaɗa sau ɗaya a ɗauka, sa'an nan a mai da zaren baya, ya sake kaɗa wani a bisa na farin. Mai sauraro sai ya zaci mutum biyu ne, alhali kuwa mutum guda ne da hannuwansa biyu.

YADDA AMON YA KE

Mu dai mun fara sauraronsa a Kankiya, wata rana da almuru cikin hunturu, muna zaune a ƙofar gida gindin bedi, da 'yar wayar hannu a kan tabarma. Kiɗa shida ne a faifan. Abin da ke fara isa kunne shi ne wani ɗan bugu siriri da akwatin ke yi da kansa, cas, cas, cas, ba ya sauri, ba ya jinkiri, kamar agogon bango a ofis bayan kowa ya tashi. Ƙarƙashinsa akwai wata murya mai kauri wadda ke kai da kawowa tsakanin amo uku ko huɗu, tana komawa inda ta faro ba gajiya. Can bisa kuma sai wata siririyar murya, wani lokaci kamar sarewar makiyayi, wani lokaci kamar algaitar da a ke busawa a wani gari mai nisa iska ta ɗebo. A bayan duka akwai shuuu ɗin tsohon zaren kaset, wanda a ji na farko aibi ne, amma da an saba sai ya zama kamar hazon da ke kwance a kan gonaki a wannan lokaci na shekara.

Ba ya hawa, ba ya sauka. Babu wurin da makaɗi zai zabura, 'yan amshi su ɗauka, mata su rangaɗa guɗa. A kan abin da ya fara a kansa ya ke ƙarewa. Akwai ɗaya mai suna Salamatu, wanda ya fi sauran taushi. Ba a faɗi kome a kan mai sunan ba, amma wanda ya taɓa kewar wani zai gane inda aka dosa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne kiɗan bai hana mu jin garin ba. Manyan motoci na wucewa a kan titin Kano zuwa Katsina, muna jin su. Ana daka a cikin gida, muna jin taɓarya. Awaki na komowa, yara na kiran juna. Duk waɗannan sai su ka zama kamar da su aka tsara shi. Hira ma ba ta tsaya ba, sai dai muryoyi sun yi ƙasa-ƙasa ba tare da kowa ya ce a rage ba. Wanshekare mun sake sa shi a mota kan hanyarmu ta zuwa Kusada, muna wuce gonakin da aka girbe, da amalanken shanu ɗauke da kara, sai mu ka ga lalle ga irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka yi shi, inda ido ke tafiya nesa bai ci karo da kome ba.

Saboda haka mu ka ga ya dace mu kira shi kiɗan shimfiɗa. Tabarma ba kallonta a ke yi ba, zama a ke yi a kanta. Amma ranar da babu ita kowa zai sani.

INDA AMON KE FITOWA

Malaman makaranta za su so su san yadda akwati ba fata, ba tsirkiya, ba busa, zai yi amo. Ko wane amo girgizar iska ne. Fatar kalangu na girgiza iska in an buge ta, tsirkiyar gurmi in an taɓa ta. A cikin wannan akwati kuwa wutar lantarki ce a ke sa ta kai da kawowa da sauri, ita kuma ta girgiza wata 'yar takarda mai kamar mazurari a cikin lasifika. In ta girgiza sau 440 cikin daƙiƙa guda, amon da masu gyaran kayan kiɗa na Turai ke auna sauran da shi ke nan. In an ninka ya zama 880, sai a ji amon nan dai amma ya fi siriri.

Ga bambancin da ya fi muhimmanci. Amon ganga da na tsirkiya da an buga ya fara mutuwa. Na lantarki kuwa muddin yatsa na kan haƙori ba ya yankewa. A cikin kayanmu algaita ce ta fi kusa da haka, gama gwanin algaita ya kan tara iska a kumatu, ya riƙa shaƙar wata ta hanci, busa ba ta tsaya ba. Wannan dogon amo mara yankewa shi ne ke sa zuciya ta kwanta.

Har wa yau, haƙoran akwatin a jere su ke goma sha biyu goma sha biyu, bakwai farare, biyar baƙaƙe. Yawancin karin waƙoƙin ƙasashenmu a kan matakan amo biyar a ke gina su, irin waɗanda baƙaƙen nan ke bayarwa. Malamin da ya sami irin wannan akwati ya gwada: ya sa yaro ya bi baƙaƙen kaɗai, zai ji abin ya yi kama da na gida. Kiɗan Mamman Sani a kan irin wannan tsari ya ke tafiya, shi ya sa ko da ya ke akwatin Baitaliye ne, kunnen Bakatsine ba ya jin baƙunci.

TURAWA MA SUN BI WANNAN HANYA

Turawa suna da suna ga irin wannan kiɗa, suna ce masa ambiyan, watau abin da ke kewaye da mutum kamar iska. Tun cikin 1917 wani Bafaranshe mai suna Erik Satie ya tsara abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki. Da aka kaɗa shi a Faris cikin 1920, mutane su ka yi tsit don girmamawa, shi kuwa ya bi su yana roƙo su ci gaba da hirarsu, gama don haka ya yi shi.

Wanda ya raɗa wa abin suna shi ne wani mutumin Ingila, Brian Eno. Cikin 1975 mota ta buge shi, yana kwance yana jiyya, aka sa masa faifai aka tafi. Amon ya yi ƙasa ƙwarai, ga ruwan sama na zuba, shi kuwa ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara. Da ya haƙura ya saurara, sai ya ji kiɗan da ruwan sun gauraya sun zama abu guda. Daga baya, yana jiran jirgi a filin jirgin sama na Kolon ta ƙasar Jamus, ya yi tunanin irin kiɗan da zai kwantar da hankalin matafiyi. Ya ɗauki muryoyin mawaƙa, ko wace a kan amo guda, ya sa a zaruruwa masu tsawo dabam-dabam, ya ɗaura bakin ko wane da gindinsa ya zama zobe, ya bar su suna juyawa. Da ya ke tsawonsu ba ɗaya ba ne, haɗuwarsu kullum sakewa ta ke yi. An ɗauki faifan mai suna Music for Airports, watau kiɗan filayen jirgin sama, cikin 1978, shekarar nan da Mamman Sani ya shiga gidan rediyon Yamai. Ɗaya yana da kamfani da 'yan jarida a bayansa, sunansa ya zaga duniya. Ɗayan kuwa ga abin da ya same shi.

ƁATA DA SAMUWA

An shirya fitar da kaset ɗin tare da ma'aikatar al'adu ta Nijar, amma shirin bai tafi yadda aka so ba, 'yan kaɗan ne su ka fita. Kiɗan kansa bai mutu ba. Rediyo da talabijin na ƙasar sun yi shekaru suna sa shi tsakanin shiri da shiri, har ya zama kowa ya san amon, amma ba kowa ya san mai shi ba. Ya zama tabarma ke nan ta gaske.

Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Fotlan, ya ci karo da kaset guda a cikin tarin tsofaffin kaset a Yamai, ya nemi mai shi ya same shi. Cikin 2013 aka sake buga faifan, shekara 35 bayan ɗaukarsa. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani ya kaɗa a ƙasashen Turai, aka kuma fitar da waɗansu ayyukansa na shekarun 1980, ɗaya mai suna Taaritt.

Ba mu ce faifan ba shi da aibi ba. Bugun akwatin ba shi da rai irin na hannun ɗan Adam, wanda ya saba da zafin kalangu zai iya yin gyangyaɗi. Mai neman abin rawa ya nemi wani. Amma akawun da ya wuni da lissafi, da malamin da ke gyaran littattafan yara da dare, za su iske shi abokin zama ne wanda ba ya katse wa mutum tunani. Amsar tambayarmu ta farko ke nan.

ABIN DA YA SHAFE MU

Jama'a, ku duba fa, kaset guda ne ya tsaya tsakanin wannan aiki da mantuwa. Da zafi ko ƙura ko laima sun cinye shi, ko da wani ya share ɗakin ya zubar, da sai yadda hali ya yi. To, mu fa? Gidan rediyon Kaduna tun 1962 ya ke ɗaukar makaɗa, ga kuma abin da ke cikin akwatunan masu sayar da kaset na dā a kasuwanninmu, da cikin adakar iyayenmu. Zaren kaset ba ya jiran kowa.

Kuma muna da namu kiɗan shimfiɗa tun kafin lantarki. Sarewar yaron Fulani a bayan shanu ba don taro a ke busa ta ba. Haka mai gurmi ko mai garaya in ya zauna shi kaɗai da dare yana taɓa tsirkiya. Yanzu fiyano ya cika gidajen biki da fina-finai, lasifika a ƙure, masu waɗancan kayan kuwa suna tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a.

Roƙonmu ga malaman makarantun Kankiya da Kusada, da ma'aikatan ofisoshin ƙananan hukumomin nan biyu, magadan akawunan En'e, ƙarami ne. Kusan ko wanenku yana da waya mai ɗaukar magana. In akwai mai sarewa ko gurmi ko garaya a ƙauyen da ku ke aiki, ku je ku gaishe shi, ku nemi izninsa, ku ba shi goronsa, ku ɗauka a wuri mai shiru. Ku rubuta sunansa, da garinsu, da ranar, da sunan kiɗan, da wanda ya koya masa, gama ɗauka ba suna rabin aiki ce. Ku ajiye a wuri biyu, ɗaya a makaranta. Tsohon kaset kuma kada a yar, a raba shi da rana da laima har a sami mai juye shi.

Na Yamai ya yi sa'a baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya tono shi. Kada mu zauna jiran irin wannan sa'a, gama da sauran kuka a ke shikar gero, kuma tun ran gini tun ran zane.