Rufin Ɗaki Ba Da Azara Ba

Duk wanda ya taɓa gina ɗaki ya san ba bango ne ke cin kuɗi ba, rufi ne. Ƙasa tana nan a kududdufin bayan gari. Ruwa yana rijiya. In ka kira gayya, samari za su kwaɓa maka ƙasa, su yi tubali. Amma da bango ya kai, sai magini ya ce, "To, maigida, ina azara?" Nan ne magana ta kan tsaya. Shi ya sa in ka zaga gari za ka ga kangaye a tsaye, damina biyu ko uku ba rufi, har ruwa ya cinye su.

Azara dai daga giginya a ke tsaga ta. Kakanninmu sun zaɓe ta domin gara ba ta cinta da wuri. Amma giginya ba ta saurin girma. Wanda ya shuka ta, sau da yawa ɗansa ne zai mori azararta. Ga shi mutane sun yi yawa, gonaki sun ci daji, farin 1973 da na 1984 kuma ya kashe itatuwa masu yawa a ƙasashen arewa. Sai azara ta yi tsada. Waɗansu suka koma saran ƙananan itatuwa, waɗanda gara ke gamawa da su cikin 'yan shekaru. Mai ɗan hali kuwa ya sayi kwano. Kwano yana da nasa amfani, ba musu. Amma kuɗinsa a dunƙule a ke biya, ga na katako, ga na ƙusa. Da bazara ɗaki ya zama tanderu, da hunturu ya zama randa. Iskar farkon damina kuma ta kan yaye shi ta kai gonar wani.

To, akwai wata dabara ta rufe ɗaki da ƙasa zalla, ba azara, ba kwano, ba ƙarfe. Asalinta daga ƙasar Masar ne.

A Masar an yi wani gwanin tsara gine-gine, sunansa Hasan Fathi. An haife shi a Iskandariya a 1900, ya rasu a 1989. Ya yi karatun zamani, amma hankalinsa yana wajen talakawa manoma, waɗanda ba su da kuɗin siminti. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, katako da ƙarfe suka yi wuya a Masar, gama yawanci daga waje a ke kawo su. Sai ya gwada rufe waɗansu ɗakuna da bulon ƙasa kaɗai. Rufin ya faɗi. Bai fid da rai ba. Ya sami labari cewa can kudu, wajen Aswan, a bakin Kogin Nilu, akwai mutanen Nuba da su ke irin wannan rufi tun kaka da kakanni. Ya tafi, ya ga ƙauye guda duk haka a ka rufe shi. Ya ɗauko maginansu, ya zauna ya koya a wurinsu. Ku lura, mai takardar shaida ne ya je ya durƙusa a gaban magina na ƙauye.

Ga yadda su ke yi. Su kan buga bulo na ƙasa da tattaka, ƙanana, masu faɗi, marasa kauri, su shanya su bushe sarai. Su ta da bangon dama da na hagu. Bangon ƙurya kuwa su ta da shi ya fi sauran tsawo. A jikin wannan bangon ƙurya magini ya kan zana baka da laka, ya tashi daga bangon dama, ya hau, ya sauka a na hagu. Sa'an nan ya fara manna bulo yana bin zanen. Amma ba a miƙe ya ke jera su ba. A jingine ya ke sa su, sun ɗan kwanta wajen bangon ƙurya, kamar yadda almajirai su ke jingina alluna a bango, wani bayan wani. Layin fari ya jingina da bango, na biyu ya jingina da na fari, na uku da na biyu. Haka magini zai yi ta ja da baya har ya kai bakin ƙofa, ɗaki ya rufu, ba a tokare shi da kome ba.

Watakila wani ya ce, me ya hana shi faɗuwa? Dalilin ke nan. Busasshiyar ƙasa tana jure danni, ba ta jure ja. Ɗauki tubali ka taka shi, ba abin da zai same shi. Amma ɗora bakinsa biyu a kan duwatsu biyu, ka taka tsakiya, nan da nan ya karye. Rufin soro shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka dole a sa masa azara ta riƙe shi. Rufin baka kuwa kowane bulo danne ɗan'uwansa ya ke yi, nauyi ya bi ta gefe ya sauka cikin bango har ƙasa. Sai dai wannan nauyi yana tura bangon dama da na hagu waje. Don haka a ke yi musu kauri ƙwarai, ba a kuma yi wa ɗakin faɗi da yawa. Tsawo dai, ko nawa ka ke so.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Kusa da garin Luksor akwai rumbunan da a ka gina haka a zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, yau fiye da shekara 3,000, waɗansunsu har yanzu suna tsaye. Mu ma ba baƙin baka ba ne. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga bakan gizo da ɗaurin guga iyakar gani. Bambancin shi ne, namu bakan gizo da azara a cikinsa, laka ce ta lulluɓe ta. Abin da ya fi kama da na Nuba a wajenmu shi ne rumbun ƙasa irin na Adar, wanda a ke ginawa har ya haɗe a sama ba itace ko ɗaya a jikinsa.

A 1945 gwamnatin Masar ta ba Hasan Fathi babban aiki. Akwai wani gari, Gurna, a hayin Luksor, mai mutum wajen 7,000. Gidajensu a kan kaburburan mutanen dā su ke, a jikin dutse. Gwamnati ta ce ana satar kayan tarihi daga kaburburan, sai a tashe su. A ka ce Fathi ya gina musu sabon gari. Ya yi aikin da zuciya ɗaya. Bai zana gida iri ɗaya ya maimaita ba, ya yi ƙoƙari kowane iyali ya sami gida daidai da yawansa, dangi kuma su zauna unguwa ɗaya. Ya gina masallaci, da kasuwa, da makarantu, da wurin koyon sana'a, har da dandalin wasa, duk da ƙasa. Niyyarsa mutanen gari su koyi ginin, su riƙa taya juna, kuɗin gida ya sauko inda talaka zai iya.

Amma mutanen Gurna ba su so tashi ba. Ba su ne su ka nemi sabon gari ba, daga sama a ka yanke musu. Abincinsu yana can jikin dutse, wajen masu haƙar kayan tarihi da baƙi masu zuwa kallo. Sabon garin kuwa a cikin fadama ya ke, an ce su koma noma da sana'ar hannu. An ce waɗansu ma sun ƙi ƙubba a kan ɗakin kwana, domin a wajensu kabarin waliyyi a ke yi wa ƙubba. Ma'aikatan gwamnati kuma su ka yi ta jan ƙafa wajen sakin kuɗi. A 1948 aiki ya tsaya, kaɗan daga cikin gidajen a ka gama. Yawancin mutanen Gurna su ka ci gaba da zama a dutsensu wajen shekara 60, sai daga 2006 gwamnati ta rushe tsofaffin gidajen ta mai da su wani wuri. A ganina laifin ba na laka ba ne. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Fathi ya rubuta labarin duka a littafi, da daɗinsa da ɗacinsa, ya fito a 1969. Matasa masu koyon tsara gini a ƙasashe da yawa su ka karanta. Waɗansu daga cikinsu su ka je Masar su ka yi aiki tare da shi, su ka kafa ƙungiyar taimako wadda ba riba ta ke nema ba, sunanta Development Workshop. A 1980 a ka gayyace su ƙasar Nijar, wani ƙauye Cikal, a yankin Filinge, inda itacen rufi ya yi ƙaranci. Ginin fari da su ka yi a can ba da itace ba, ɗakin karatun manya ne, watau aji irin wanda ku ke zaune ciki yanzu. Ba gari su ka zo ginawa ba. Magina su ka zo koya wa. A hankali a ka gyara dabarar ta dace da hannun maginanmu. Wajen yin tulluwa, alal misali, a kan kafa sanda a tsakiyar ɗaki, a ɗaura mata ma'auni mai juyawa, shi zai nuna wa magini inda kowane bulo zai zauna. Daga nan abin ya bazu zuwa Ayar da waɗansu sassan Nijar, har Mali da Muritaniya da Burkina Faso.

A shekara ta 2000 kuma a ka kafa wata ƙungiya a garin Boromo na Burkina Faso, sunanta Association la Voûte Nubienne, watau ƙungiyar rufin Nuba. Wani magini Bafaranshe da wani manomi ɗan ƙasar ne su ka fara ta. Su sun sauƙaƙa abin ƙwarai. Faɗin ɗaki ba ya wuce mita 3 da 'yan kai, wajen ƙafa 10 ke nan ko 11. Kaurin bangon gefe wajen ƙafa 2. Ƙungiyar ba ta raba gidaje kyauta. Mai gida shi zai kawo ƙasa da ruwa da duwatsun harsashi, shi da 'yan'uwansa su buga bulo su yi miƙo. Magini kaɗai zai biya. Kowane magini kuma yana da yara masu koyo a bayansa, in sun ƙware su ma su ɗauki nasu. Da rani a ke aikin, lokacin da ba noma, saboda haka saurayin da dā zai tafi ci-rani ya sami abin yi a gida. Kuɗin da za su tafi kantin kwano a birni sai su tsaya a gari. Ta haka an yi dubban gine-gine a Burkina da Mali da Senigal da Binin da arewacin Gana: gidaje, azuzuwa, masallatai, ɗakunan ajiyar hatsi da albasa.

Saura magana ɗaya, ita ce ruwa. A Aswan sai a shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Mu kuwa muna da Agusta. Don haka a nan sai an cike gefen bakan da ƙasa, a shimfiɗa leda a bisa, a sake rufe ta da yaɓe don kada rana ta cinye ta. A sa indararo masu tsawo, su zubar da ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara kafin ruwan fari a hau a duba, a toshe tsaga, kamar dai yadda mu ke yi wa soro. Kada a gina a kwari ko inda ruwa ke kwanciya. Sabon Gurna ma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso da gishiri ya ci gindin gidaje da yawa, har masu su su ka rushe su ka yi na siminti.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya je ya ce zai gwada a ɗakin matarsa. Baka in ya karkace, ko bango ya rasa kauri, ko bulo bai bushe ba, faɗuwa zai yi, nauyinsa kuwa ba na wasa ba ne. Sai a hannun wanda ya koya. Inda mutanen gari su ke so su gwada, abin da ya fi shi ne su haɗa kai su nemo magini ƙwararre, su sa samari biyu ko uku a bayansa, su fara da ƙaramin gini na jama'a, kamar ɗakin ajiyar taki ko na hatsi. Su bar shi ya sha damina biyu, kowa yana shiga yana ɗaga kai yana dubawa.