Tamfal ɗin dashe: ƙaramar haja mai kasuwa a unguwar Briqueterie

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Yawunde ya san Briqueterie, unguwar Hausawa da ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Turawa. Mun san ta da babban masallacinta, da teloli, da masu tsire. Abin da ba kasafai muke lura da shi ba shi ne shuke-shuken da ke cikin gidajenta: na'ana'a, daiɗoya, barkono, zogale da furannin ado, duk a cikin bokitai da yankakkun jarkoki, domin fili a wannan unguwa ya fi nama tsada.

To, shukar da ke cikin mazubi ba ta dawwama a cikinsa. Idan aka ga saiwa ta leƙo ta hujin gindi, ko kuma an zuba ruwa ya zarce ƙasa nan take, lokacin sauya mata gida ya yi. A nan rigima take farawa. Ƙasar Yawunde ja ce, mai kama siminti da tufafi, ga shi kuma a gidan haya tsakar gida ɗaya ce ta kowa da kowa, nan ake wanki, nan ake girki. Wanda ya zazzage tukunya a wurin ya sayi faɗa da maƙwabta. In kuwa ya share ƙasar ya tura ta kwata, sai ta haɗu da shara ta toshe hanyar ruwa, a garin da ke da damina biyu a shekara, wato daga Maris zuwa Yuni da kuma Satumba zuwa Nuwamba.

Maganin abin bai wuce yankin tamfal mai faɗin kamar mita ɗaya ba. Akwai na kanti da ake kawowa daga Sin, mai maɓalli a kusurwoyi huɗu, da zarar an ɓalla su sai gefen ya miƙe ya zama kamar faranti. A ganinmu babu abin da zai hana telolin Briqueterie ɗinka irinsa, tunda naɗe baki ne kawai da sanya maɓalli. Sai dai a naɗe kusurwar, kada a yanke ta, domin ta wurin ɗinki ruwa yake yoyo.

Yadda ake aikin kuwa, a shayar da shukar tun jiya don ƙasarta ta fito a dunƙule. A kan tamfal ɗin za a cuɗa sabuwar ƙasa: jar ƙasa ita kaɗai tana daskarewa ta shaƙe saiwa, saboda haka a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ƙara ɗan dakakken gawayi, wanda ba ya wuya a unguwar masu tsire. Sabon mazubin ya ɗara tsohon da yatsa biyu kawai, kuma lallai a huda gindinsa. Babba ƙwarai yana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Da yamma ake dashen, a bar shukar a inuwa kamar mako guda. Ƙasar da ta rage sai a kama bakin tamfal a juye ta cikin buhu. Daga nan a wanke shi a shanya, kada a bar shi a buɗe ruwa ya kwanta a ciki, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Ga 'yan'uwa masu fatauci ta Banki, Mubi ko Gamboru akwai abin kiyayewa. Tun shekarar 2012 gwamnatin Kamaru ta kafa dokar hana ledar ƙunshi marar ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, aka soma aiki da ita a watan Afrilun 2014, kuma 'yan duwan sun sha kama irinta da ake shigowa da ita daga Nijeriya. Don haka kada wani ya ɗauko siririyar leda da sunan ta dashe ce. Ko ba don doka ba, bakin wuƙa ko tsinin tsakuwa sau ɗaya ya ishe ta. Tamfal mai kauri irin na rufe buhunan hatsi shi ne hajar, a sayo shi a dunƙule, a yanka mita-mita, a kai wa tela.