Zazzaɓin Rift Valley: Daga Sauro Zuwa Garke, Daga Garke Zuwa Mutum

Idan aka ambaci sauro, zazzaɓin maleriya ne ke fara zuwa wa yawancin mutane a rai, alhali kuwa wannan ƙwaro yana yaɗa wasu cututtuka na daban waɗanda bairos ke haddasawa, wato wata ƙwayar cuta ƙarama ƙwarai da ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin wani mai rai, kuma maganin maleriya ba ya yi mata komai. Shawara da zazzaɓin dengi suna cikin wannan rukuni, amma wadda ta fi shafar makiyaya ita ce cutar da ake kira zazzaɓin Rift Valley, domin tana kama tumaki da awaki da shanu da raƙuma, sannan ta tsallaka ta kama masu kiwonsu. Ta samo sunanta ne daga wani babban kwari da ke ƙasar Kenya, inda aka fara gano ta a 1931 bayan da ta yi ɓarna a garken tumakin wata gona.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, saboda tana buƙatar jini kafin ƙwanta ya nuna, namiji kuwa ruwan furanni ya ishe shi. Idan ta sha jinin tunkiyar da ta kamu, bairos ɗin yakan sauka cikin hanjinta, ya hayayyafa a can, ya ratsa jikinta har ya isa inda take tara miyau, tafiyar da kan ɗauki kamar mako ɗaya zuwa biyu, kuma zafin gari yana gaggauta ta. Duk lokacin da ta sake cizo sai ta fara zuba miyan nan a cikin fata, domin yana ɗauke da sinadarin da ke hana jini daskarewa, kuma ta nan ne cutar ke samun ƙofa. Ke nan sauro bai yi kama da allurar da ke kwashe jinin wani ta zuba wa wani ba. Dole sai ƙwayar cutar ta iya rayuwa ta yaɗu a jikinsa, wanda shi ne dalilin da ya sa ba ya yaɗa cutar ƙanjamau, don ita narkewa take yi a cikinsa kamar sauran abinci.

Abin da ya bambanta wannan cuta da 'yan'uwanta shi ne yadda take ɓuya tsakanin annoba da annoba. Akwai wani jinsin sauro mai suna Aedes, wanda macensa ba ta yin ƙwai a kan ruwa, sai a kan danshin ƙasar bakin fadama ko wani kwarin da ruwa kan kwanta, kuma idan tana ɗauke da bairos ɗin tana iya gadar wa ƙwanta shi. Ƙwan nan yana jure fari, yakan zauna cikin busasshiyar laka mai tsattsagewa shekara da shekaru, dabbobi suna tattaka shi, har sai an yi damina mai ƙarfin da ta cika fadamar ta tumbatsa. A lokacin ne yake ƙyanƙyashewa da yawan gaske, sauron ya tashi da cutar tun bai taɓa cizon kowa ba, ya faɗa wa garken da ya zo shan ruwa. Da jinin dabbobin ya cika da bairos sai wani jinsin, Culex, wanda ke hayayyafa a ruwan da ya daɗe a kwance, ya karɓi aikin ya baza cutar zuwa nesa.

Tarihin annobar ya bi sawun ruwa. A 1977 ta ɓarke a Masar ta kashe mutane kusan 600, a 1987 ta bayyana a kudancin Muritaniya jim kaɗan bayan gina madatsar Diama a kan kogin Senegal, sannan a 1997 zuwa 1998 ta mamaye Kenya da Somaliya da Tanzaniya a shekarar ambaliya. A watan Satumba na 2000 ta ƙetare Afirka karo na farko ta shiga Saudiyya da Yaman, abin da ya jawo hana shigo da dabbobi daga ƙasashen ƙahon Afirka, ya kuma karya jarin dubban masu kiwo. Ba ta tsaya can nesa ba, domin a 2016 ta ɓulla a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, musamman yankin Cintabaraden, inda zuwa 11 ga Oktoba hukumomin lafiya suka ƙirga mutum 105 da ake zaton sun kamu, 28 daga cikinsu sun rasu, yawancinsu makiyaya.

A cikin garke, alamar da ta fi kowace bayyana ita ce ɓari. Tumaki masu ciki sukan zubar da shi kusan dukkansu cikin 'yan kwanaki, ko cikin wata nawa ne, kuma a cikin 'yan raguna goma da suka kamu tara kan mutu, yayin da manyan dabbobi kan yi zazzaɓi da kasala da ƙin kiwo, da yawansu su warke. Makiyayin da ya tashi da safe ya tarar da 'yan tayi uku ko huɗu a turke, bayan makonnin ruwa mai yawa, ya ga gargaɗin da ke riga asibiti sanin an shiga annoba.

Sauro yana iya sa wa mutum cutar kai tsaye, amma yawancin waɗanda suka kamu ta hannunsu suka ɗauke ta, wajen yanka da fiɗa, ko taimaka wa dabba haihuwa, ko ɗauke ɗan tayi da mabiyiya, ko shan madarar da ba a tafasa ba. A nan ne wata al'ada da ake ganin tattali ce take zama haɗari, wato gaggauta sa wa dabbar da ta kwanta wuƙa don kada ta zama mushe, domin a daidai lokacin ne jininta ya fi cika da bairos, kuma 'yar tsagar da ke yatsan mahauci ko feshin jinin da ya shaƙa sun isa. Bayan kwana biyu zuwa shida mutum yakan ji zazzaɓi da ciwon kai da na gaɓoɓi, wanda sau da yawa akan ɗauka maleriya ce, kuma mafi yawa sukan warke cikin mako guda. Kaɗan ne cutar kan taɓa musu ido har ta rage gani, ko ta kumbura ƙwaƙwalwa, ko ta lalata hanta ta jawo zubar jini, kuma kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki na ƙarshe ba sa tashi. Har yanzu ba a tabbatar da cewa mutum ya taɓa sa wa mutum ita ba.

Akwai allurar rigakafi ta dabbobi, sai dai amfaninta yana ga yin ta kafin annoba, domin idan aka yi ta bayan cutar ta shiga garke, allura ɗaya da ake soka wa dabbobi bi da bi ita kanta takan yaɗa ta. Saboda haka duk wanda ya ga ɓari ya yawaita a garkensa bayan ruwa mai yawa, ya sanar da malaman dabbobi tun ranar, kada ya taɓa ɗan tayi da hannu tsirara, ya binne shi da zurfi, kuma kada ya yanka dabbar da ta kwanta.