Maƙeran Kano a akwatin talabijin: Abin da ake nunawa da abin da ake bari

Ba safai gidan talabijin kan shirya wani shiri a kan birnin Kano ba tare da an nuna marinar Ƙofar Mata, ko maƙeri yana dukan jan ƙarfe, ko baduku yana ɗinkin fata a lungunan kasuwar Kurmi ba.

Waɗannan hotuna sun zama tamkar tambarin birnin. To sai dai duk wanda ya daɗe yana kallonsu zai lura cewa kusan iri ɗaya ne ake ta maimaitawa: tartsatsin wuta, hannun da baba ya rine, dattijo mai furfura, sannan muryar mai gabatarwa tana cewa sana'ar na dab da gushewa.

Tambayar ita ce, shin wannan ne ainihin halin da sana'o'in hannu ke ciki a cikin ganuwar Kano, ko kuwa shi ne kawai abin da ya fi yi wa kyamara sauƙin ɗauka?

Birnin da ƙira ta kafa

Dangantakar Kano da ƙira ta girmi sarautar birnin kanta.

Labarin baka ya nuna cewa waɗansu maƙera da ake kira Abagayawa sun taso daga Gaya suna neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, suka same ta a gindin Dala suka zauna. Ana ma cewa sunan jagoransu Kano, kuma daga gare shi birnin ya samo suna.

Binciken masana kayan tarihi ya ƙarfafa wani ɓangare na wannan labari, domin an gano alamun narkar da tama a Dala tun wajejen ƙarni na 7 na Miladiyya, ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a ƙarshen zamaninsa ne, a 1498, ake cewa an soma rini a Ƙofar Mata.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke saƙawa da rinawa sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus.

Har yau sunayen unguwanni na ba da wannan shaida: Lokon Maƙera, Dukawa, Soron Ɗinki. A wancan zamani babu wanda ke kiran waɗannan sana'o'i na gargajiya. Su ne masana'antun ƙasa.

Daga majigi zuwa tauraron ɗan Adam

Kafin talabijin, majigi ne ya fara kawo wa talakan Arewa hoto mai motsi. Motar gwamnati kan shiga gari da daddare, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a dandali, a nuna fina-finan tsafta da noman zamani, irin su Baban Larai. Manufar ita ce a koya wa jama'a sabon abu, don haka tsohuwar hanya kan fito ne galibi a matsayin abin da ake so a bari.

Talabijin ya fara aiki a Najeriya a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Kano ta samu tata tashar a tsakiyar shekarun 1970, wadda ta shiga ƙarƙashin hukumar NTA da aka kafa a 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC. A farkon shekarun 1980 kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010.

A wannan zango ne akalar ta juya. Raya al'adu ya zama manufar gwamnati, kuma shirye-shiryen Hausa suka samu fili: wasan kwaikwayo, kiɗa, dambe da kokawa, da ziyarar masu sana'a a wuraren aikinsu.

Daga waje ma an zo. A jerin shirye-shirye takwas da masanin tarihi ɗan Birtaniya Basil Davidson ya gabatar a kan Afirka a 1984, Kano ce ya ɗauka a matsayin misalin tsohon birni mai sarauta da kasuwanci.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sannan a 2014 aka samu Arewa24 mai watsa shirye-shirye da Hausa ta tauraron ɗan Adam. Tashoshi sun yawaita, amma salon nuna mai sana'a bai sauya sosai ba.

Minti uku a maƙera

Domin a gane abin da ke salwanta, sai an san yadda aikin yake.

Ƙira ta kasu gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu sarrafa baƙin ƙarfe su fitar da fartanya, garma, lauje, gatari, wuƙa da aska. Akwai kuma maƙeran fari, masu aiki da azurfa da tagulla da gaci, waɗanda ke yin zobe da munduwa da kayan adon doki. Gidajensu daban, kasuwarsu daban, amma sau da yawa shirin talabijin kan haɗa su a jaka ɗaya.

A cikin maƙera, yaro ne kan fara da zuga-zugi. Daga nan a ba shi masaba ya yi dukan da ke buƙatar ƙarfi, yayin da maigidan ke riƙe da awartaki yana juya ƙarfen a kan uwar maƙera. Sai bayan shekaru ake sakar masa aikin da ke buƙatar ido.

Idon kuwa shi ne sana'ar. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi. Da launin ƙarfen yake gane lokacin duka, da lokacin da zai tsoma shi a ruwa domin bakin ya yi tauri. In ya yi gaggawa wuƙar ta tsage, in ya yi jinkiri ta ƙi kaifi. Hatta gawayi ba kowanne ba ne, an fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fita a rahoton minti uku. Abin da ke fita shi ne tartsatsi, domin shi ne ke da kyau a allo. In an yi sa'ar biki kuwa, sai a nuna wasan wuta, maƙera na shafa jan ƙarfe a jiki ana kaɗa musu dundufa. Wasa ne mai tarihi, kuma yana cikin martabar gidan maƙera, amma ba da shi ake ciyar da iyali ba.

Akwai kuma wani babban sauyi da ba a cika ambata ba. Maƙeran Kano sun daɗe da barin narkar da tama. Tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 ƙarfen waje ya fara samuwa cikin sauƙi, daga bisani kuma tsofaffin motoci suka zama ma'adinin maƙeri. Yawancin fartanyar da manomi ke saya a yau daga ragowar ƙarafan mota da na injuna aka fitar da ita.

Wannan ne ma jigon littafin da Philip Jaggar, malamin Hausa a jami'ar Landan, ya wallafa a 1994 a kan maƙeran birnin Kano, inda ya dube su a matsayin masu riƙe da gado kuma masu ƙirƙira da neman kasuwa. Wato dai mutumin da ake nunawa a matsayin ragowar jiya, shi ne ya fi kowa saurin sajewa da zamani.

Fuska ta biyu da maƙeri kan fito da ita a labarai ta fi muni: ranar da jami'an tsaro suka gabatar da wani da ake zargi da ƙera bindigogi. Labari ne na gaske, kuma dole a ba da shi. Illa dai idan mai kallo bai taɓa ganin maƙeri ba sai a wasan wuta ko a hannun 'yan sanda, to bai san mutumin da damina ba ta kankama sai da shi ba.

Me ya sa kullum Ƙofar Mata?

Marinar Ƙofar Mata ta fi kowace sana'a samun baƙi masu kyamara, kuma dalilin a bayyane yake. Tana bakin titi, a fili take, haske ya wadata, shuɗin baba kuma yana ɗaukar ido. Ma'aikacin talabijin na iya kammala aikinsa a cikin sa'a guda.

Ramukan sun haura ɗari, amma kaɗan ne daga cikinsu ake aiki da su. A nan maganar koma-baya gaskiya ce. Sai dai dalilan su ne ba a cika tsayawa a kansu ba: rinin zamani na sinadari da ke kammaluwa cikin ɗan lokaci, yadin da ake shigowa da shi daga Sin mai araha, da raguwar baƙi masu yawon buɗe ido tun bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairun 2012.

Haɗin baba da toka da ruwa kuwa sai ya yi makonni a rami kafin ya nuna, kuma zane ɗaya kan sha tsomawa da fitarwa na sa'o'i kafin ya yi duhun da ake so. Daga nan a kai shi wa mabuga, su daka shi da guduma ta itace har ya yi sheƙi.

Amma mafi girman giɓin shi ne mata. Ƙullin da ke fitar da zane-zanen da ake gani a jikin yadin, a cikin gidaje ake yin yawancinsa. Haka ɗinkin hula, da saƙar faifai, da kaɗi a zamanin da ake yinsa. Gidan aure kuwa ba a shiga da kyamara haka kawai, musamman idan masu ɗaukar hoton maza ne. Tun a 1969 masaniya Polly Hill ta kira irin wannan hada-hada ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, kuma a allon talabijin har yanzu kusan a ɓoyen yake.

Hawan Sallah ma misali ne. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dawakin Kano a jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma babu bikin da tashoshi suka fi ba lokaci kamarsa. Kyamara kan bi mahayi da rawaninsa. Linzami da likkafa kuwa maƙeri ne ya yi su, sirdi da kayan fata aikin masassaƙi ne da baduku, alkyabba ta maɗinki ce. Da wuya mai sharhi ya ambaci ko da unguwar da aka yi su.

Kuɗi, da abin da ya rage a ajiya

Ba adalci ba ne a ɗora wa 'yan jarida laifin duka. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka umarci kafafen gwamnati su riƙa nemo wani kaso na kuɗin tafiyar da kansu, fili a talabijin ya zama abin saye. Banki ko kamfanin waya na iya ɗaukar nauyin shiri, ɗan siyasa na iya biya a ɗauki taronsa. Maƙeri ba shi da wannan hali.

Shirin da zai bi fartanya tun daga tsohon ƙarfe har zuwa gona yana buƙatar kwanaki, da mai, da janareta, da mai tambaya da ya san bambancin masaba da muntalaga.

Cewa kuma jama'a ba za su kalla ba, hujja ce mai rauni. A Amurka, shirin gasar ƙera wuƙaƙe da takubba mai suna Forged in Fire, wanda aka fara a 2015, ya shafe shekaru yana jan masu kallo, a ƙasar da ƙira ta zama abin sha'awa kawai. Sirrinsa shi ne ana nuna aikin daki-daki, ana bayyana dalilin da ya sa wannan wuƙa ta karye waccan ta tsira.

Sannan akwai batun ajiya. A zamanin kaset, tashoshi da dama a duniya, har da manya na Turai, sun riƙa goge tsofaffin shirye-shirye su ɗora sababbi saboda tsada. Wanda ya tsira kuma yana fuskantar zafi da ƙura, ga injunan kunna shi sun yi ƙaranci. Duk wani kaset na shekarun 1970 ko 1980 da ke ɗauke da dattijon da ya ga narkar da tama da idonsa, ya fi ƙarfin a kira shi tsohon shiri, domin masu wannan sani sun kusa ƙarewa.

A 'yan shekarun nan dai wayar hannu ta fara sauya lissafi. Matasan dukawa da maɗinka da masu rini na ɗaukar hoton kayansu da kansu, su sa a Facebook ko TikTok ko WhatsApp, mai saye ya yi magana daga Legas ko Yamai ko Jidda.

Abin lura shi ne, a irin waɗannan hotuna ba a cika jin kalmar gargajiya ba. Abin da ake faɗa shi ne farashi, da ingancin fata, da ranar da kaya za su isa tasha.